Zancen Fatake: A Kai Yara Su Ga Giwa Kafin Hutu Ya Ƙare

A fitowar da ta wuce na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar bashi tsakanin dillali da mai kaya, to sai ga wani saƙo ya shigo wanda ya sa na ɗaga waccan maganar zuwa gaba. Wata baiwar Allah ce daga Asawase a nan Kumasi, uwar 'ya'ya biyar. Ta ce maigidanta ya yanke cewa bana babu zuwa gida, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, hanyar Burkina kuma sai dai addu'a. Ke nan yara za su cinye hutun Disamba a tsakar gida suna kokawa a kan waya guda. Tambayarta ita ce: a nan Gana ɗin, babu inda talaka zai kai 'ya'yansa su buɗe ido?

Hajiya, akwai. Kuma a kan hanyar da maigidanki yake bi da kaya yake.

Da na karanta saƙon nan a majalisarmu bayan la'asar, wani Alhaji da muke sana'ar hatsi tare ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Alhaji, kai ma dai! Mu da muka baro gida neman abin sawa a bakin salati, mu ne za mu biya kuɗi mu kalli dabba? Wannan ai aikin Nasara ne." Na san da yawanku haka za ku ce, kuma ban raina maganar ba, don kuwa duk wanda ya taɓa kwana a tasha a kan buhu ya san darajar sidi ɗaya. Amma na ce masa, Alhaji, nawa ka kashe a ankon bikin da aka yi watan jiya? Nawa ake zuba wa yara na data a wata? Ya yi shiru yana jan carbi. Yaron da aka haifa a Aboabo, duniyarsa daga gida sai makaranta, sai Islamiyya, sai bakin kwata inda ake buga ƙwallo. Yana jin ana cewa giwa a garin wani zomo ce, bai taɓa ganin giwar ba, zomon ma sai a keji. Ya girma a ƙasar da bai san komai nata ba sai hayaƙin mota, gida kuma bai san shi ba sai a waya. Irin yaron nan ne gobe za a ce ya riƙe dukiya.

Mu 'yan kasuwa mun san hanyar arewa kamar yunwar cikinmu, sai dai da shingaye muka san ta: inda ake tsayar da mota, inda ake awon nauyi, inda taya ta taɓa fashewa, inda mai shayi ke da hannu. Daga Kumasi ka kama Tachiman, wajen kilomita 120. Daga nan Kintampo, sai Buipe inda ake tsallaka gadar Baƙin Volta, sai mararrabar Fufulso. Mai zuwa Tamale ya miƙe, ya tsallaka gadar Yapei. Mai zuwa inda nake nufi kuwa a Fufulso zai karya hagu ya nufi Damongo. Mafi yawanmu da daddare muke wuce wuraren nan, kai a jingine da taga.

In da iyali za ku, a tsaya a Kintampo. Kaɗan bayan an fita gari ta hanyar Tamale akwai inda kogin Pumpum yake zubowa daga kan dutse, hawa uku, na ƙarshen ya kai wajen mita 25. Sai an sauka matakala masu yawa kafin a kai gindinsa, saboda haka tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zauna a sama a inuwa, babu abin kunya. Yara kam ba a raba su da wurin sai da faɗa. Abu guda zan ja kunne a kai. A watan Maris na 2017 an yi ruwa da iska mai ƙarfi, wata babbar bishiya ta faɗo daga sama a kan masu wanka, aƙalla mutum 18 suka rasu, akasarinsu ɗaliban wata sakandare daga Wenchi. An rufe wurin na watanni, aka gyara, aka sake buɗewa. Don haka in ka ga hadari ya haɗo, ko iska ta fara kaɗa rassa, kwashe yaranka ku hau sama, kada ka tsaya jiran wani ya ce maka. A Disamba da Janairu dai hunturu ne, ruwan ya ragu, hankali ya fi kwanciya. Ka kuma gaya wa yaran cewa garin nan kakanninsu sun san shi. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, kasuwar goro ta fara barin Salaga, Kintampo na cikin garuruwan da suka karɓe ta, fatakenmu suka yi ta sauka nan da jakuna.

Daga Fufulso zuwa Damongo a da hanya ce ta azaba, jar ƙasa mai tsagi-tsagi wadda ke kwance kowane ƙusa a jikin mota. Tun wajen 2015 aka gama shimfiɗa mata kwalta har Sawla. Damongo yanzu ita ce hedikwatar jihar Sabana da aka ƙirƙiro a 2019, kuma nan ne mazaunin Yagbonwura, babban sarkin Gwanja. E, Gwanjar nan dai ta fataken goro da muke ji a bakin tsofaffi, ƙasarta ke nan kake takawa. Ka wuce Damongo kaɗan sai Larabanga, daga Larabanga kuma 'yan kilomitoci ne zuwa ƙofar gandun dajin Mole.

Mole shi ne gandun namun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Wanda ya san Yankari ta Bauchi, to ya ninka ta biyu. Tarihinsa akwai abin mamaki: zamanin mulkin mallaka, a wannan dajin Turawa suka sa aka yi ta karkashe namun daji, wai don a rage ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, tunda a jikin dabbobin yake shan jini. Daga baya aka juya akalar. A 1958 aka keɓe wurin don kare dabbobin da suka rage, aka tashi ƙauyukan da ke ciki, a 1971 kuma ya zama cikakken gandun ƙasa. Ma'aikatan hukumar gandun daji ne ke riƙe da shi har yau.

Masaukin da yawancin mutane ke sauka a bakin wani tudu aka gina shi, ƙasa kuma ga tafkuna biyu, bayansu daji ne iya ganinka. Akwai wani masaukin na masu hannu da shuni can gefe, wannan ba namu ba ne, sai dai mu ji labari. Wanda kuma aljihunsa bai kai ko na farkon ba, ya kwana a Larabanga ko Damongo ya yi sammako. Amma in da hali a daure a kwana ɗaya a bakin tudun nan, saboda yammacin wurin. Ka idar da la'asar ka zauna, ba ka biya kowa kuɗin rakiya ba, ka ga mariya garke-garke suna fitowa daga cikin ciyawa, ga gwambaza, ga mazo yana tafe yana waige, ga zabin daji suna ta tsere. Can sai ka ga wani abu baƙi ya motsa a cikin ruwa, ka ɗauka dutse ne, sai ya ɗaga hanci.

Fita daji sau biyu ake yi a rana, da safe wajen ƙarfe bakwai, da yamma wajen uku da rabi. Ko dai a ƙafa, tafiyar awa biyu, ko a hau motar da aka yi wa kujeru a sama. Ba a shiga sai da ma'aikaci mai bindiga, kuma ba a shiga da silifa, sai takalmi rufaffe. Wannan a faɗa wa mata da wuri tun ana haɗa kaya. Ni ta ƙafa na fi so ga wanda ya kai shekara goma zuwa sama. A mota kallo kawai kake yi. A ƙasa kuwa ma'aikacin zai tsaya ya nuna muku sawu, ya ce wannan na daren jiya ne, wannan na safiyar nan. Ya nuna kashin giwa ya farfasa shi da sanda ku ga 'ya'yan itacen da ta ci. Ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, saboda giwa idonta ba shi da ƙarfi amma hancinta ba ya kuskure. Lokacin da muka je da iyalina da na wasu abokai biyu, wanda ya raka mu Bagwanje ne mai jin Hausa rangaɗaɗau. Tun kafin mu sauka tudun ya tara yaran ya ce, "In na ɗaga hannu kowa ya tsaya. In na ce a ja baya, a ja baya a hankali. Wanda ya ruga, shi ya kira ta." Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, har da kai." Yaran suka fashe da dariya.

Ba mu yi rabin awa ba muka same su, toro uku a bakin tafki. Na sha ganin giwa a talabijin kamar kowa, amma talabijin ba ya kawo maka ƙarar reshe mai kaurin cinya ana karya shi kamar karan dawa, ko wani gurnani da ke fitowa daga cikinta wanda a ƙirjinka kake jin sa kafin kunne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tafiyarta. Dabba mai nauyin tan biyar ko shida, buhun masara hamsin ke nan ko fiye a lissafinmu, ta wuce ta gabanka ba ka ji takunta ba. Ɗana na tsakiya, wanda a gida ba ya minti biyu bai yi magana ba, ya riƙe min riga ya yi tsit. Sai da muka hau tudu ya ce, "Baba, ashe da gaske ne." Autarmu kuwa tambayoyi ta dinga jerowa, ma'aikacin yana amsawa: giwa wata 22 take ɗaukar ciki, garken mata da 'ya'ya tsohuwar uwa ce ke ja musu gaba, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, mazan in sun balaga sai su ware. Uwargida ta ce, "Kun ji ko? Har a daji." Ban tanka ba.

Akwai masu karɓar haraji a masaukin nan da ba su da rasit, wato gwaggon biri. Sun san leda, sun san kula, sun san ɗakin da aka bari a buɗe. A gabanmu wani ƙato ya fizge burodi guda daga hannun wata yarinya ya haye rufi ya zauna yana ci yana kallonmu kamar mai bin mu bashi. Kada a ba su abinci, kada yaro ya yi yawo da abin ci a hannu, kada kuma a jefe su. Sannan ga mugun dawa suna kiwo a durƙushe a kan gwiwa har bakin ƙofar ɗaki. Na ga wata Hajiya ta tattare zane tana a'uziyya. Ba ruwansu da kowa, a dai ba su hanya, a kuma duba wuri kafin a shimfiɗa darduma. Batun abinci, ku taho da naku: gari, ƙuli, soyayyen nama, shinkafa da wake a kula, da ruwa mai yawa. Abincin masauki farashin baƙi ne.

Kada wani ya je da tsammanin zaki. Tsofaffin ma'aikata suna ba da labarinsa, amma an daɗe rabon da a gan shi. Ɓauna da gwanki da kanki suna nan, sai dai sun fi zama can ciki, sai mai mota da sa'a. Giwa ma ba alkawari aka yi da ita ba; ba gidan zu ba ne, ba a ɗaure take ba. Abin da ke taimako shi ne lokaci. Daga Disamba zuwa Afrilu ruwan daji ya ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole dabba ta zo tafki. Da damina kuwa ko'ina ruwa, ciyawa ta fi mutum tsawo, kana iya kwana biyu ba ka ga komai ba sai tsando. Shi tsandon yana nan har yanzu, cizonsa kamar allura, kuma yana son baƙin kaya da shuɗi, don haka a sa masu haske.

Maganar kuɗin shiga, ba zan rubuta adadi ba don yana canzawa, ku tambaya kafin ku tashi. Abin da ya shafe mu shi ne farashi biyu ne, na ɗan ƙasa da na baƙo, yara da ɗalibai kuma da rangwame. Mai katin Gana ya riƙo katinsa, yara su riƙo na makaranta. Wanda takardunsa na Nijar ne ko Najeriya ya shirya biyan na baƙo, ya biya ba tare da ja-in-ja a gaban 'ya'yansa ba. A wannan hanyar ma dai ba a tafiya babu takarda, ku kun fi ni sani.

In an fito, a tsaya a Larabanga a yi azahar. Masallacin garin na ƙasa ne, fari fat, da itatuwa sun tsattsargo daga jikinsa irin ginin Timbuktu da Agadas, ga wata tsohuwar kuka ta jingina da shi. Ƙarami ne ƙwarai, ƙofofinsa sai ka sunkuya. Mutanen garin suna cewa an gina shi a 1421, wai wani bafatake mai suna Ayuba ne ya kwana a wurin ya yi mafarki, ya farka ya tarar da harsashi a kafe. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa bai kai haka daɗewa ba. Ko ma wanne ne, yana cikin mafi tsufan masallatai a wannan yanki, kuma labarin da kansa ya gaya maka su wa suka kawo addini ƙasar nan: masu kaya a ka ne. Wani abin lura ga masu son siminti a komai: a shekarun 1970 an shafe masallacin da siminti da nufin gyara, sai ya riƙe danshi a ciki, gara ta samu itatuwan, gini ya fara zubewa. Sai da aka kankare shi bayan shekara ta 2000 aka koma wa yaɓen ƙasa. Turawa masu yawon buɗe ido daga waje suke tsayawa, mu kuwa alwala za mu yi mu shiga. Za ka tarar da samari suna rige-rigen yi maka jagora. Zaɓi ɗaya, ku daidaita tun farko, abin da za ka bayar na masallaci kuma ka tabbata hannun masu kula da shi ya shiga. Akwai kuma wani dutse a bayan gari da ake cewa masu aikin hanya sun sha ɗauke shi yana dawowa, har suka haƙura suka karkatar da hanyar. A kalla, a ji labari, a wuce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda saboda shi ne ma na ga maganar ta cancanci fili guda. Duk wanda ya bi hanyar Buipe zuwa Damongo ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi kamar katanga. Wanda ya daɗe yana bin ta kuma ya tuna shekarun da manyan motoci ke fitowa daga dajin nan shaƙe da gungumen madobiya, ana kai su tashar jirgin ruwa ta Tema, daga can sai Sin, inda ake kujerun alfarma da su. Tun daga 2012 gwamnati ta sha haramta saran tana sassautawa. A 2019 wata ƙungiyar bincike ta Amurka ta ƙiyasta cewa an sare bishiya wajen miliyan 6. Gwamnati ta musanta adadin, amma mai ido ya ga kututture. Madobiya ba itacen banza ba ce. Ganyenta ne makiyayi ke sassabo wa dabbobinsa a tsakiyar rani lokacin da babu ko tsinke a ƙasa. Da ta yi wuya, masu gawayi suka koma kan kaɗanya, ita kuwa kaɗanya ita ce jarin matan arewa kaf, da kuɗin man kaɗe suke biyan makaranta. Har sarakunan Gwanja suka tashi a 2021 suka sa dokar hana saran itace da gawayin sayarwa.

Su wa ke saye? Su wa ke da motocin? Ba zan ce mu kaɗai ba ne, akwai manyan da suka fi mu dogon hannu nesa ba kusa ba. Amma kowa a cikinmu ya san motar da ta kai kaya arewa ba ta son dawowa wayam, ya kuma san abin da ake cika ta da shi. Mun san masu sayen naman daji banda-banda a kai kasuwannin kurmi, ba a tambayar inda aka harbo shi. Na ji hujjar, kuma hujja ce mai ƙarfi: in ban ɗauka ba wani zai ɗauka, ga bashin mota, ga iyali. Haka manomin da ke maƙwabtaka da gandun yake da tasa hujjar, don giwa kan fito ta cinye masa gonar doya ko rogo a dare ɗaya, aikin shekara, ya wayi gari babu mai biyan sa. Mutumin nan in ka ce masa giwa abin sha'awa ce sai ya kalle ka kawai. Ban zo da maganin wannan duka ba. Abin da na gani shi ne, ɗaya daga cikin abokan da muka je tare, mai motoci biyu a hanyar nan, tun da muka dawo ya hana direbobinsa lodin gawayi daga yankin, ya koma doya da gyaɗa da 'ya'yan kaɗanya ko da ribar ba ta kai ba. Ba wa'azi aka yi masa ba. 'Yarsa ce ta tambaye shi a mota, da ta ga buhunan, ko daga gidan giwayen aka saro su.

Mu tuna kuma wuraren irin wannan suna ƙarewa a yankinmu ta wata hanyar. Gandun W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina, yau ba mai kai iyalinsa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, da mutane ke zuwa kallo hankali kwance, tun harin 2020 ƙafa ta ɗauke. Waza ta arewacin Kamaru ma haka. Mole na cikin 'yan kaɗan da har yanzu za ka shiga da mace da goyo ka fito lafiya, ba abin da ya tsorata ka sai biri.

Wanda yake da kwana huɗu ko biyar ya ƙara gaba. Daga Tamale a gangara Salaga, a nuna wa yara rijiyoyin garin da filin tsohuwar kasuwa. A gaya musu gaskiya: goro aka saya a nan, an kawo kanwa da tufafi da fatu daga Kano da Sakkwato, an kuma sayar da mutane, kuma cikin masu ciniki akwai masu jin yarenmu. A nan Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya tare a Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Masu bin hanyar Bolga kuma sun san Paga a matsayin boda kawai, wurin cike takarda da jiran kwastan. To a cikin garin akwai tafkin kadoji da mutanen wurin ke girmamawa, ana sayen kaza a kira kada ya fito tudu, har a riƙe masa wutsiya a ɗauki hoto. Ni dai daga nesa na tsaya da nawa yaran, kuma shawarar da zan ba ku ke nan.

Mutanenmu na Akra, ko Ankara kamar yadda muke faɗa, na Nima da Mamobi da Madina, in arewa ta yi muku nisa kuna da tudu a bayan gida. Aburi ba ta fi awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Turawan mulki ne suka fara gina gidan jinya a can saboda sanyin wurin, su huta da zafi da sauron bakin teku, a 1890 kuma aka buɗe lambun itatuwan da ke nan har yau, da layin dogayen giginyun Turawa a mashiga da wani tsohon rimi da sai mutane da yawa sun haɗa hannu za su zagaye shi. Kuɗin shiga kaɗan ne, a tafi da tabarma da abinci a wuni. Gaba kaɗan a Mampong akwai gonar Tetteh Quarshie, maƙerin da ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Mu na Kumasi kuma muna da tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30, a cikin wani ƙaton rami da masana suka ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi. Masunta a kan gungumen katako suke kamun kifi, ba a kwalekwale ba. Tsaunin Kwahu da muke gani a kanmu duk lokacin da mota ta tsaya a Nkawkaw sayen burodi, shi ma ana hawa, akwai sanyi da manyan gidajen da 'yan kasuwar Kwahu suka gina a garuruwansu. Sai dai kada a kai iyali lokacin Ista. Cunkoso ne da kiɗa da shaye-shaye, ba wurin yara ba ne a makon nan.

Saura magana da maigidan Hajiyar da ta rubuto, da ire-irensa. Alhaji, kada ka ce za ka kwashi maza ka bar mata da 'yan mata a gida wai su yi tsaron ɗaki. Matar nan da ta baro danginta ta biyo ka wata ƙasa, shekara nawa rabonta da fita in ba asibiti ko suna ko gaisuwar mutuwa ba? In kana da biyu, ka san yadda za ka yi adalci, ba sai na koya maka ba. Mota dai tana da kujeru.

Yadda muka yi namu, gida uku muka haɗu muka zuba adashi na wata huɗu, muka ɗauki shatar bas ƙarama da direban da muka sani, wanda ba ya gudu kuma yana tsayawa salla. Haya da mai in an raba uku ba su da nauyi. Mun tashi Kumasi ranar Lahadi bayan asuba, muka yi hantsi a Kintampo, muka isa Mole kafin la'asar. Litinin da safe muka shiga daji, azahar a Larabanga, Talata da yamma muna gida, Laraba kowa yana kan buhunansa a kasuwar Tachiman. A duba taya da birki kafin a tashi, a sha mai a Kintampo ko Buipe, a riƙo kuɗi a hannu don sabis na waya yakan ɗauke a hanya, a taho da rigunan sanyi na yara saboda hunturun arewa da asuba ba irin na Kumasi ba ne, da maganin sauro. Ɗakin kwana kuma a kira a kama tun da sauran makonni, don ƙarshen Disamba wurin cika yake yi.

Wanda ya je ya rubuto mana abin da ya gani, musamman yaran, a bar su su rubuta da hannunsu. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu koma kan dillali da mai kaya.